Kama da Wane Ba Ta Wane: Jabun Murya, Amanar Kasuwa da Abin da Adabinmu Ya Riga Ya Hango

A watan Janairun 2024, wani ma'aikacin sashen kuɗi a reshen Hong Kong na kamfanin injiniyoyi na Arup ya sami saƙo da sunan babban jami'in kuɗin kamfanin da ke Ingila, ana umartarsa da ya shirya wata hada-hada ta sirri. Da farko zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga jami'in da idonsa, ya ga waɗansu abokan aikinsa da ya sani, ya kuma ji muryoyinsu. Nan take shakkarsa ta kau. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, a tashi 15 zuwa asusu 5. Sai daga baya, da aka tuntuɓi hedkwata, ta bayyana cewa duk waɗanda ya gani a taron nan babu na gaskiya ko ɗaya. Na'ura ce ta ƙera fuskokinsu da muryoyinsu daga hotuna da maganganun mutanen na ainihi.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wannan bawan Allah bai saɓa wa karin maganar ba ko da taku ɗaya: ya ji, bai gamsu ba, ya gani, ya sakankance. Bin karin maganar ne ya kai shi ga asara. Saboda haka nake ganin batun jabun murya da fuska, wanda Turawa suka laƙaba wa suna dipfek tun wajen 2017, ya wuce a bar wa ma'aikatan banki da masana kwamfuta su kaɗai. Duk abin da ya girgiza karin magana ya shigo gonar manazarcin adabi. Abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa shi ne yadda adabin Hausa ya daɗe yana ba da labarin muryar aro, da abin da ya fahimta daidai game da ita, da kuma inda ya bar mu a buɗe. Zan auna wannan da ƙasar Gwandu, domin ita ce ƙasar da ta haɗa abubuwa biyu da batun ya rataya a kansu: gadon malamai masu tantance wanda ya faɗi magana, da kasuwancin da har gobe yake tafiya a kan kalmar baki.

A fara da tatsuniya, tunda ita ta riga kowa. Akwai wata da ta karaɗe Afirka ta Yamma, kowane gari da irin tasa. Uwa ta ɓoye 'ya'yanta a ɗaki, ta ce kada su buɗe wa kowa sai sun ji waƙarta. Kura, ko Dodo a wata ruwayar, ta laɓe ta haddace waƙar, ta zo ta rera, yaran suka ji murya ƙatuwa suka ƙi buɗewa. Sai ta tafi wurin maƙeri ko boka aka gyara mata maƙogwaro, aka gargaɗe ta kada ta ci komai a hanya. Kwaɗayi ya ci ƙarfinta, murya ta koma gidan jiya. A ƙarshe dai ta daure, ta iso da siririyar murya, aka buɗe mata ƙofa. Wanda ya dubi ƙashin bayan labarin zai ga ba abin da ya rage daga zambar zamani. Akwai satar sauraro, wato tattara samfurin murya. Akwai maƙera, wato manhajar da ke sarrafa ta. Akwai gwaji da faɗuwa da sake gwaji, wanda shi ne ainihin yadda ake horar da irin waɗannan na'urori tun daga dabarar da Ian Goodfellow da abokan aikinsa suka bayyana a 2014, inda ɓangare ɗaya na na'ura ke ƙera jabu, ɗaya ɓangaren yana kama shi, har sai mai kamawa ya kasa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tatsuniyar ba ta ɗora wa yaran laifi ba. Sun bi umarnin uwarsu sau da ƙafa. Raunin yana cikin tsarin da uwar ta kafa, domin ta mayar da murya mabuɗi, alhali murya abu ce da ake rerawa a fili kowa ya ji.

Wannan shi ne halin da ɗan kasuwar Kalgo ko na Gwandu yake ciki a yau, ko ya sani ko bai sani ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kabi a watan Nuwamban 2015, aka kuma sami manyan masana'antun casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kabi da WACOT a Argungu, kuɗin da ke yawo a harkar shanshera ya ƙaru ainun. Kalgo tana kan hanyar Birnin Kabi zuwa Jega, a nan kuma hanyar Bunza da Kamba ta ɓalle zuwa iyaka, ga jami'ar tarayya a gefenta. Gari ne na mahaɗa, inda dillali ke sayen kaya da kuɗin wanda ke Kano ko Legas. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura hatta masu sayar da albasa da buhun gero zuwa tura kuɗi ta waya. To da me ake ba da umarnin turawar? Da saƙon murya a WhatsApp. Dalilin a fili yake: da yawa daga manyan 'yan kasuwarmu sun fi sakewa da magana a kan rubutun boko, kuma murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka, wato tabbacin cewa Alhaji ne da kansa. Ke nan kowace rana maigida yana rarraba samfurin muryarsa a zaurukan waya, a wurin ɗaurin aure da aka ɗauka a bidiyo, a gaisuwar da ya aika gidan rediyo. A Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya bayyana wata na'ura mai suna VALL-E da ya ce daƙiƙa 3 na maganar mutum sun ishe ta ta kwaikwayi muryarsa.

Za a iya cewa harshe zai kare mu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, na'urar da ta ɗaga inda ya kamata ta sauke za ta tona asirin kanta a jimlar farko. Bugu da ƙari, mafi yawan Hausar da ke intanet daidaitacciya ce mai kama da Kananci. Mutumin Gwandu da ya saba jin maigidansa yana cewa hwaɗi da ɗiya da hulla, in ya ji an ce masa faɗi da 'ya'ya da hula, kunnensa zai tsaya. Sai dai wannan garkuwa ta fata ce, ruwa na jiƙa ta. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da na'urorin magana na harsuna fiye da 1,100, da Hausa a ciki. Mafi muni kuma, akwai nau'in manhajar da ba ta ƙirƙirar magana daga rubutu. Mutum ne zai yi maganarsa da bakinsa, ita kuwa ta sauya amon muryar kawai ta mayar da shi na wani. Idan mazambacin ɗan gari ne, shi zai kawo karin harshen, da salon gaisuwar, da sunan da Alhaji ke kiran yaronsa da shi. Kura a tatsuniya ma ai ba baƙuwa ba ce, maƙwabciya ce mai laɓe.

Daga tatsuniya sai rubutaccen ƙagaggen labari. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, kusan rabinsa sojan gona ne. Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta sauya kama suna rama wa juna. Wurin da ya fi dacewa da batunmu shi ne haɗuwarsu ta farko. Alhaji ya shiga gari ya yi shigar babban malami alhali ba shi da karatun, Zurƙe kuwa malami ne na gaske da ya zo ya ƙure shi. Alhaji ya zana wata lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan da suka yi kama da ita, Alhaji ya ce jinjirin wata ne. Jama'a suka duba, suka ga lalle ya yi kama da wata, aka kori mai ilimi daga gari da ature. Imam ya gano wani abu a nan da masana tsaron kwamfuta suke maimaitawa yau da dogon Turanci: jabu ba ya bukatar ya gamsar da masani, ya ishe shi ya gamsar da wanda hukunci ke hannunsa. Mutanen garin sun yi hukunci da abin da idonsu ya sani. Gani ya kori ji, ya kuma kori gaskiya tare da shi.

Amma a nan ne nake da ja da wannan littafi da ma al'adar da ya tsiro daga cikinta. Alhaji ne ke ba da labarin da bakinsa, a zauren baƙi, ana dariya. Mai karatu yana gefensa tun daga shafin farko. Waɗanda ya damfara ba su da fuska, ba su da iyali, ba mu taɓa bin ɗayansu gida mu ga yadda ya kwana ba. Haka Gizo yake a tatsuniya: shi ne gwani, wanda ya cuta kuwa wawa ne da ya cancanci abin da ya same shi. Wannan gado yana da farashi a kasuwa. Ɗan kasuwar da aka yi wa zamba yakan haɗiye abinsa, domin ya san da zarar labari ya fita, sunansa zai koma abin ba'a a rumfa, masu ba shi bashi kuma za su fara janye jiki. Shirun nasa shi ne jarin mazambaci, domin dabarar da ta ci mutum ɗaya a Kalgo za ta ci na biyu a Jega ba tare da an sauya mata ko wasali ba. Kamfanin Arup da kansa sai a watan Mayun 2024 ya tabbatar cewa shi ne abin ya shafa, watanni bayan 'yan sandan Hong Kong sun ba da labarin ba suna. In kamfani mai rassa a duniya ya ji nauyin faɗa, ina ga mai shago ɗaya? Adabin da ya koya mana sha'awar mai wayo bai koya mana tausayin wanda aka yi wa wayon ba, kuma wannan giɓi ne da marubutan yanzu ya kamata su dube shi.

Imam ya biya wani ɓangare na wannan bashi a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana son ya fitar da yaron daga fada domin a halaka shi, sai ya bi ta hanyar saƙon da aka jingina wa Mahmudu, wanda suka tashi tare kamar tagwaye. Saƙon ya taɓa inda ke yi wa Musa ƙaiƙayi, wato ƙauna da gudun a ce masa rago. Kowane dare sai ya yi ɗamara zai fita. Abin lura shi ne aku bai tsaya gardamar ko saƙon na gaske ne ba. Labari yake ja masa, daga wannan zuwa wancan, har gari ya waye. Manazarta sun saba kallon wannan a matsayin firam ɗin da Imam ya aro daga littattafan Gabas don ya rataya labaransa. Haka ne, amma firam ɗin yana da tasa hujjar: maganin saƙon gaggawa shi ne jinkiri. Duk zambar murya da aka sani tana tafe da gaggawa da sirri. A Maris ɗin 2019, shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila ya ji muryar maigidansa Bajamushe a waya, da karin harshensa da komai, yana cewa a tura Yuro 220,000 ga wani mai kawo kaya a Hangari cikin awa ɗaya. Ya tura. Awa ɗayan nan ita ce makamin, muryar rakiya ta yi. Kuma akwai daɗin ma'ana a ce tsuntsun da aka sani da kwaikwayon murya shi Imam ya ba aikin tsare ƙofa.

A Yulin 2024 an gwada irin wannan a kamfanin motoci na Ferrari. Wani babban ma'aikaci ya sami saƙonni, sannan kira, da muryar shugaban kamfanin Benedetto Vigna, har da karin harshensa na kudancin Italiya, ana maganar wani ciniki na sirri. Ma'aikacin ya ce a gafarce shi, yana da tambaya ɗaya: wane littafi ne shugaban ya ba shi shawarar karantawa kwanakin baya? Aka kashe waya. Ɗaliban adabi suna iya yin murmushi a nan, littafi ya ceci kamfani. Amma abin da ya cece shi na haƙiƙa shi ne ma'aikacin ya iya buɗe baki ya tambayi shugabansa.

Wannan ita ce gaɓar da ta fi tsauri a wurinmu. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi ke gudana a kan bashi ba tare da takarda ba, sai amanar maigida da dillalansa da yaransa. Tsarin ya yi aiki domin kowa ya san kowa, wanda ya ci amana kuma ba shi da wurin zama. Ƙasar Gwandu ta san wannan tun zamanin da ayarin fatake ke ratsa ta zuwa Gwanja, Jega tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa. Amma tsarin yana tafe da ladabinsa. Yaron gida ba ya ce wa maigida “tabbatar mini kai ne”. Ko da zuciyarsa ta ɗarsa, kunya za ta riƙe harshensa. A ɗauka wani yaron Alhaji yana Kalgo da kuɗin shanshera a asusunsa, sai ga saƙon murya: “Ka tura miliyan biyar ga lambar da zan aiko maka yanzu, mota na jira, ina cikin taro kada ka kira ni.” Duk tarbiyyar da aka yi masa tun yana ƙarami tana ce masa ya amsa da “to, ranka ya daɗe”. Mazambaci bai fasa asusu ba, bai saci lambar sirri ba, biyayya ya ara ya yi aiki da ita. Shi ya sa gyaran ba zai fara daga yaro ba. Maigida ne zai kira yaransa ya ce musu da bakinsa: duk saƙon kuɗi da ya zo da muryata, a kira ni a lambar da aka sani, ko a tambayi wane, kuma wanda ya jinkirta don ya tabbatar bai yi mini rashin kunya ba. In izinin tambaya bai sauko daga sama ba, ba zai taɓa hawa daga ƙasa ba.

Abin mamaki shi ne ƙasar da ake wannan kunya ita ce ƙasar da malamanta suka mayar da tambayar “daga wa ka ji?” ilimi mai zaman kansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Ya kuma yi Misbahur Rawi a kan ilimin hadisi, fannin da gaba ɗayansa an gina shi ne a kan cewa daɗin magana da kamarta da gaskiya ba su isa hujja ba, sai an bi silsilar waɗanda suka kawo ta. A wannan ilimi ba a ɗauki tambayar isnadi a matsayin raini ga malami ba. Marubuta waƙoƙinmu sun gaji wani abu daga nan: sukan rufe waƙa da sunansu da na mahaifinsu, su sa ramzin shekara, wani lokaci har da adadin baitoci, don kada a ƙara ko a rage. Ko tahamisi, inda mawaƙi ke shiga cikin waƙar wani ya ɗauki karinta da amsa-amonta ya ƙara nasa layuka, ana yin sa ne a bayyane, kowa ya san inda na farko ya tsaya da inda na biyu ya ɗora. Haka 'yan kama da ke kwaikwayon karatun malamai, da masu wasan gauta da ke kwaikwayon sarki a fada, da masu fassarar finafinan Indiya da suka sa jaruman Mumbai magana da Hausar Kano. Al'adarmu ba ta taɓa ƙin aron murya ba. Sharaɗinta ɗaya ne, mai sauraro ya san aro ce.

Tarihin Gwandu ya ajiye mana misalai biyu na abin da ke faruwa idan sharaɗin ya faɗi. A watan Mayun 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin. A nan ya sami kwafin Tarikhus Sudan, ya yi 'yan kwanaki yana kwafar abin da ya iya cikin hanzari, ya kuma sanar da Turai cewa littafin na Ahmad Baba ne na Timbuktu. Ba nasa ba ne. Na Abdurrahman as-Sa'adi ne, kuma labarin da ke ciki ya zarce har wajen 1655, alhali Ahmad Baba ya rasu tun 1627. Barth bai yi niyyar ƙarya ba. An ba shi babban suna, sunan ya dace da girman littafin, lokaci kuma ya ƙure masa. Kuskuren ya zauna a littattafan Turai har zuwa ƙarshen ƙarnin, lokacin da Octave Houdas ya buga littafin a Faris.

Misali na biyu da gangan aka yi shi, kuma ya fi kama da abin da muke magana a kai. Daular Masina ta Shehu Ahmadu Lobbo ta taso ne a yammacin yankin da Gwandu ke ganin tana da ta cewa a kansa, tana kuma bukatar hujjar tsayawa da ƙafarta ba tare da mubaya'a ga Sakkwato ba. Binciken Nehemia Levtzion na 1971, da na Mauro Nobili da ya fito a littafi a 2020, sun nuna cewa littafin da aka sani da Tarikhul Fattash an sake ƙera shi a ƙarni na 19. Nobili ya jingina aikin ga Nuhu ɗan Ɗahiru, malamin fadar Ahmadu Lobbo. An ɗauki tarihi na gaske na ƙarni na 17, aka cusa masa bushara cewa Askiya Muhammadu shi ne halifa na 11, na 12 kuma wani Ahmadu ne da zai bayyana a Masina, aka sa maganar a bakin manyan malamai irin su Suyuɗi, aka jingina littafin duka ga Mahmud Ka'ati. Dubi yadda aka yi aikin. Ba a ƙirƙiri littafi daga babu ba. An samo muryar da jama'a suka riga suka amince da ita, aka bar mafi yawanta yadda take, aka sa mata 'yan jimlolin da ake bukata. Jabun ya yi ƙarfi ne saboda yawan gaskiyar da ke cikinsa. Haka bidiyoyin da masu tantance labarai irin su Africa Check da Dubawa suka sha bankaɗowa suke, inda ake ɗaukar hira ta gaske da wani fitacce kamar Aliko Ɗangote, a bar fuskar da rigar da zaman, a sauya abin da leɓɓansa ke faɗa ya koma tallar wani shirin zuba jari na bogi.

Ba sabon abu ba ne a Najeriya a ari sunan babba a ci kuɗi. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude ya yi shigar Gwamnan Babban Banki Paul Ogwuma, ya karɓi dala miliyan 242 daga wani jami'in bankin Noroeste na Brazil da sunan kwangilar filin jirgin sama da babu shi. Amma Nwude tsohon daraktan banki ne, ya bukaci abokan aiki da takardu da shekaru. Abin da na'ura ta sauya shi ne farashi. Da zambar sojan gona ta yi arha, ba sai an nemi banki a Brazil ba, mai sayar da taki a Gwandu ma ya isa abin farauta.

Akwai kuma fuska ta biyu ta wannan bala'i wadda ba a cika magana a kanta ba, ni kuwa ina ganin ta fi ta farko haɗari ga kasuwa irin tamu. Idan kowace murya tana iya zama jabu, to kowace murya ta gaskiya ana iya musanta ta. Masana shari'a biyu na Amurka, Robert Chesney da Danielle Citron, sun kira wannan ribar maƙaryaci. Mun ɗanɗana irinsa tun kafin na'urorin su ƙware: a Disamban 2018, a ƙasar Polan, sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya gaban jama'a yana tabbatar musu cewa shi ne shi, saboda jita-jitar wai an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan. To a sauko da wannan zuwa rumfar kasuwa. Dillali ya karɓi buhu 200 bashi, shaidar kawai saƙon muryarsa ce a wayar mai kaya. Ranar biya ta zo, ya ce ba shi ya yi maganar ba, haɗa ta aka yi. Wanda aka damfara da muryar jabu ya yi asarar kuɗinsa sau ɗaya. Amma ranar da masu kaya suka daina karɓar murya a matsayin alkawari, ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da jingina sai sunansa shi zai rasa bashin da yake juyawa.

Dokar ƙasa ta tanadi wani abu. Sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta satar shaidar wani da yin sojan gona da ita, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da kwamfuta ta fitar. Sai dai sashe na 84 ya fi damuwa da ko na'urar tana aiki daidai lokacin da ta fitar da abin, kuma waya mai cikakkiyar lafiya tana iya ajiye muryar ƙarya ba tare da ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ban da haka, rigimar bashi tsakanin 'yan kasuwa biyu a Gwandu ko Kalgo ta fi yiwuwa ta je gaban alƙalin kotun shari'a, inda fiƙihun Malikiyya ke jagora. A nan kuwa akwai tsohuwar muhawara da ta dawo sabuwa. Malaman Malikiyya sun karɓi shaidar makaho a kan abin da ya ji, muddin ya tabbatar da muryar, suna kafa hujja da cewa da murya yake gane iyalinsa, kuma da murya aka karɓi ruwaya daga bayan labule. Malaman Hanafiyya sun ƙi, dalilinsu shi ne murya takan yi kama da murya. Irin wannan saɓani suka yi a kan rubutun hannu: Malikawa sun yarda a yi shaida a kansa, Hanafawa na farko suka ce rubutu yakan yi kama da rubutu. Shekaru aru-aru, matsayin Malikiyya ya yi wa kasuwannin Afirka ta Yamma hidima, domin kamannin murya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, wanda ya iya kwaikwayo har ya ruɗi na kusa kuwa a gari guda ba ya wuce a ƙirga da yatsu. Hukuncin ya rataya ne a kan yaƙinin mai ji, kuma wannan yaƙinin ne na'ura ta koyi ƙerawa. Alƙalin da aka ajiye wa waya a gabansa a Gwandu, mai ƙara yana rantsuwa muryar wane ce, wanda ake ƙara yana rantsuwa ba tasa ba ce, zai buɗe Muhtasar na Halil ya tarar an yi maganar makahon da ya ji da kunnensa a majalisi, ba a yi maganar mai ido biyu da ya ji ta cikin waya ba.